Tiyunin ɗin birenbos a babura na zamani: me ake taɓawa, kuma wa yake amfana?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, duk wanda yake cin abinci da babur a Legas lissafinsa ya canza. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa naira 1,000 har ta wuce a wasu gidajen man. To a cikin wannan hali ne bidiyoyi suka cika TikTok da Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, za ka ga wani ya jona laftof a jikin babur, ya danna nan ya danna can, sai a ce an yi masa tiyunin, wato an canza lissafin birenbos, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injinsa, yanzu ya ƙara gudu kuma ya rage shan mai. Wani ya ce filashin, wani ya ce rimaf, wani ya ce an sa masa cif. Sunayen sun yi yawa kuma ba abu ɗaya suke nufi ba, shi ya sa mutane suke ruɗewa.

Kwanakin baya a wani gareji a Agege na ga wani matashi ya turo Boxer ɗinsa, ya ce wa mai garejin, "Baba, so nake a yi min filashin ɗin birenbos ɗin nan, an ce yana rage shan mai." Dattijon bai ce komai ba sai da ya kwance murfin gefe, ya jawo wani ɗan baƙin akwati da bai wuce kwalin ashana biyu ba, ya ɗora masa a tafin hannu. "Ɗana, ka ga wannan? CDI ne. Wuta kawai yake ba fulogi. Mashin ɗinka kafireta gare shi, babu inda za a jona kwamfuta." Yaron ya tsaya yana juya abin a hannu, don har ya riga ya yi ciniki da wani a waya.

Daga nan ya kamata maganar ta fara, domin kafin a yi gardamar tiyunin na da kyau ko ba shi da kyau, sai mutum ya san ko babur ɗinsa ma yana da abin da ake tiyunin ɗin.

Menene birenbos, kuma wane babur ne yake da shi

Abin da makanikai da 'yan rewaya suke kira birenbos, sunansa a takardun kamfani ECU. Ƙaramar kwamfuta ce da take zaune yawanci a ƙarƙashin sit, kuma aikinta biyu ne manya: ta yanke yawan man da injekta za ta fesa a cikin inji, sannan ta yanke daidai lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ba da ka take yi ba, sensa-sensa ne suke kawo mata labari. Akwai mai gaya mata yadda ka murɗa totur, akwai mai ƙirga juyawar inji, akwai na zafin iska da na nauyin iskar, akwai na zafin injin kansa, sannan akwai wanda yake maƙale a jikin salansa yana sansana hayaƙi, shi ake kira sensar oksijin. Duk wannan labarin sai ta duba shi a kan wani teburi na lambobi da kamfani ya rubuta mata, wanda ake ce wa maf. Teburin yana cewa ne misali idan totur ya kai kwata kuma inji yana juyi 4,000 a minti ɗaya, fesa mai kaza, ba da wuta a lokaci kaza. Tiyunin ba komai ba ne illa canza waɗannan lambobin, ko kuma yaudarar birenbos ɗin ta karanta wasu lambobi daban.

Yawancin baburan da 'yan'uwanmu suke okada da su, Bajaj Boxer da TVS HLX da Honda Ace da Jincheng da Haojue da sauran irinsu da ake sayarwa a nan, kafireta suke amfani da ita, wato jet da allura da iska su ne suke auna mai, ba kwamfuta ba. Masu birenbos su ne manyan baburan nan da ake kira pawa baik, irin su Yamaha R1 da R6 da MT-07, Kawasaki Ninja, Suzuki GSX-R da Hayabusa, Honda CBR, BMW GS, KTM Duke, sai kuma wasu daga cikin sababbin matsakaita da 'yan dispach, wato masu kai saƙo, suka fara hawa. Hanya mafi sauƙi ta ganewa: kunna makulli kar ka tayar, ka kasa kunne wajen tanki. Idan ka ji wani ɗan kuka "zzzz" na sakan biyu ko uku ya tsaya, famfon mai ne yake cika layi, kuma fitilar inji ta kama a mita ta mutu, to mai injekta ne. In kuwa akwai makunnin mai na hannu a gindin tanki da cok, kafireta ce.

Me ya sa kamfani bai saki ƙarfin duka ba

Injekta a babur ba sabon abu ba ne, tun 1980 Kawasaki ta fitar da wani Z1000 mai ita, kuma a 2006 Yamaha R6 ya zo da totur ɗin da ba waya ce take jan bakin iska kai tsaye ba, kai dai ka murɗa, birenbos ce za ta yanke nawa za ta buɗe. Amma abin da ya sa injekta ta mamaye ko'ina dokar hayaƙi ce. Turai ta shiga matakin Euro 5 a Janairun 2020, Indiya kuma inda ake ƙera Bajaj da TVS ta shiga nata matakin BS6 ranar 1 ga Afrilun 2020, kuma daga lokacin kusan duk babur ɗin da ake sayarwa a cikin Indiya sai da lantarki ya shiga harkar auna mansa. Mu nan ana ci gaba da kawo mana masu kafireta ne saboda sun fi araha kuma kowane makaniki ya iya su, amma alƙiblar da duniya ta dosa a fili take.

Ga inda lissafin yake. Fetur yana ƙonewa tas idan aka haɗa kilo 14.7 na iska da kilo 1 na mai. Idan man ya gaza haka cakuɗin ya yi tsinkakke kenan, kamar kokon da ruwa ya yi wa yawa, idan ya fi haka ya yi kauri. Abin tace hayaƙin nan da ke cikin salansa, wanda makanikan Legas suke kira indomi, ba ya aiki sosai sai a wajajen 14.7 ɗin, don haka kamfani yake ɗaure birenbos ta tsaya a nan muddin kana tafiya a hankali. Shi kuwa inji ya fi ba da ƙarfi idan cakuɗin ya ɗan yi kauri, wajajen 13 ko ƙasa da haka kaɗan, kuma ya fi yin sanyi a hakan. Wannan 'yar tazarar ita ce gonar masu tiyunin. Ita ce kuma dalilin da wasu sababbin pawa baik suke fizga idan kana lallaɓawa a giya ɗaya ko biyu, kuma suke gasa maka cinya a gosulon Oshodi.

Bayan hayaƙi akwai wasu ɗaurin da aka yi da gangan. Bayan fitowar Hayabusa a 1999, manyan kamfanoni suka yi yarjejeniya tsakaninsu suka tsayar da gudu a kilomita 299 a awa. Baburan da aka yi don kasuwar cikin Japan an daɗe ana ɗaure su a 180. A Turai akwai lasin mai suna A2 na sababbin mahaya, wanda bai yarda babur ya wuce kilowat 35 ba, kusan doki 47 kenan, shi ya sa za ka samu MT-07 ko Z650 da aka rage wa ƙarfi da gangan. Wasu manyan na kasuwar Amurka kuma birenbos ɗinsu ba ta buɗe bakin iska duka a can saman juyi saboda dokar ƙara da hayaƙi. Tunda mafi yawan pawa baik ɗin Legas tokumbo ne, wato na hannu da aka shigo da su daga waɗannan wuraren, mutum biyu za su iya samun babur iri ɗaya, shekara ɗaya, amma ƙarfinsu ya bambanta sosai.

Hanyoyin da ake bi

Ta farko ita ce filashin, kuma duk wanda ya taɓa kai waya kasuwar Computer Village a Ikeja ya san ma'anar kalmar. Ana jona kwamfuta ta soket ɗin gwaji da ke ƙarƙashin sit, ko a cire birenbos ɗin a ɗora a kan benci, a kwafo abin da kamfani ya rubuta, a gyara, a mayar. Akwai manhajoji da aka sani da wannan aiki, Woolich Racing ta Ostareliya da FTECU ta Amurka sun fi ƙarfi a baburan Japan, TuneECU kuma an fi saninta a Triumph da wasu KTM da Aprilia. Wannan hanyar ita ta fi zurfi domin ba mai kaɗai take taɓawa ba, tana iya canza lokacin wuta, ta cire ɗaurin gudu, ta gyara yadda totur yake amsawa a kowace giya, ta ɗaga iyakar juyin inji, har ta sa fankar lagireto ta riƙa tashi da wuri, wanda a zafin Legas wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Kuma babu wani ƙarin akwati ko waya a jikin babur.

Haɗarinta kuma nata ne ita kaɗai. Idan ana cikin rubutawa batirin babur ya yi sanyi, ko laftof ta mutu saboda an ɗauke wuta, ko waya ta motsa, birenbos na iya tsayawa a tsakiya ta zama dutse, ba ta gaba ba ta baya. Sai ka ce to a je kasuwar kayan gyara ta Ladipo a sayo wata, amma a baburan da suke da makullin tsaro, irin HISS na Honda, birenbos da makulli a aure suke, wata ba za ta tayar da injin da makullinka ba, sai dai ka sayi saiti guda da birenbos da makullai da gidan makulli, ko ka nemo wanda ya iya haɗa su. Sannan sababbin samfura da yawa kamfanoni sun kulle su ta yadda ba kowace manhaja take iya shiga ba.

Hanya ta biyu akwatin goyo ce. Birenbos ɗin kamfani tana nan ba a taɓa ta ba, sai a goya mata wani ƙaramin akwati a tsakaninta da injekta, idan ta ba da umarnin a fesa mai kaza shi sai ya ƙara ko ya rage kafin umarnin ya isa. Power Commander na kamfanin Dynojet shi ya fi suna, akwai Rapid Bike na Italiya, akwai PowerTronic na Indiya wanda aka fi sa wa KTM da Royal Enfield da Bajaj masu injekta. Daɗinsa shi ne ranar da ka gaji ka zare shi babur ya koma yadda ya fito daga kamfani, kuma kana iya sayar da shi daban. Rauninsa shi ne bai cika iya cire ɗaurin da ke can cikin birenbos ba, sannan ya ƙara maka soket-soket da wayoyi, kuma duk wanda ya taɓa ratsa ruwan Lekki ko na Mile 2 a watan Yuli ya san abin da ruwa yake yi wa soket. Akwai kuma wata matsalar da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: a ƙananan gudu sensar oksijin tana ganin an ƙara mai, sai ta kai ƙara wajen birenbos, ita kuma ta rage, wato akwatin yana zubawa uwar tana kwashewa. Shi ya sa ake haɗawa da wani ɗan abin da yake toshe bakin sensar.

Ta uku a cire ta kamfani gaba ɗaya a sa wata, irin su MoTeC ko Haltech ko aRacer ta Taiwan da ake sa wa ƙananan babura. Wannan na 'yan tsere ne da waɗanda suka canza fistin da kam. Ga mai hawa titi kullum, sau da yawa asarar ta fi ribar, mita ko makullin tsaro na iya daina aiki yadda ya kamata.

Sai ƙananan dabaru, kamar abin da ake jonawa a sensar zafin iska ya sa birenbos ta ɗauka ana sanyi sai ta ɗan ƙara mai. Yana aiki daidai gwargwado, amma awo ɗaya yake yi wa ko'ina. Daban da wannan akwai wasu 'yan robobi masu launin kore ko rawaya da ake tallatawa a intanet da sunan Eco OBD2 ko Nitro OBD2, wai ka soka kawai su rage shan mai ko su ƙara ƙarfi. Masana da suka fasa irinsu sun tarar ba sa ma magana da birenbos, fitila ce kawai take ƙyaftawa a ciki. Wannan ba ya cikin zaɓi, kuɗi ne za ka zubar.

Maf ɗin wa za a sa maka?

A ganina nan ne ainihin maganar take, fiye da gardamar filashin ko akwatin goyo. Kayan aikin duk alƙalami ne, abin tambaya shi ne wa zai yi rubutun kuma da me ya auna.

Tiyunin na gaskiya a kan daino ake yin sa, wato wata na'ura mai ganga da ake ɗora tayar baya a kai, a ɗaure babur, a zura sensa a salansa, a riƙa murɗa totur mataki-mataki ana ganin ƙarfi da kaurin cakuɗi a allo, ana gyara lamba ɗaya bayan ɗaya. Aikin awanni ne. Abin da aka fi yi a nan kuwa shi ne a sauko da maf daga intanet wanda wani ya rubuta a wata ƙasa, don babur mai irin salansarsa, a yanayin garinsu, da man gidan mansu. To a can mutum yana zaɓar mai lamba 95 ko 98 a famfo, lambar nan kuwa tana nuna yadda man yake jure matsi kafin ya kama da kansa. Mu nan galibi famfo ɗaya ne, abin da ka samu shi za ka sha, wani lokacin ma a galan a bakin titi. Ba a manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima daga Beljiyam, hukuma da kanta ta tabbatar, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai a Legas da Abuja.

Maf ɗin da aka matso da lokacin wuta gaba saboda mai lamba 98, idan ya haɗu da man da bai kai ba, ga zafin rana ga gosulo, sai man ya riƙa fashewa ba bisa tsari ba a cikin silinda. Za ka ji wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka ja totur a babbar giya. Wannan ba shi ne nokin ɗin da muka sani ba na inji ya kafe saboda rashin baƙin mai, amma hanyar zuwa can ce, domin yana cin kan fistin yana karya ringi a hankali. Wasu manyan babura suna da sensar da take jin wannan ƙarar ta ja wutar baya, da yawa kuma ba su da ita. Ragowar da kamfani ya bari a maf ɗinsa, wadda masu tiyunin suke kira asarar ƙarfi, wani ɓangarenta kariya ce daga irin wannan man.

Abin da kowane ɓangare yake cewa

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi a wuri biyu. Na ɗaya, idan ka riga ka canza salansa gaba ɗaya ka cire indomi, ka sa matatar iska mai buɗaɗɗen baki, to iskar da take ratsa injin ta canza, kuma a saman totur birenbos ba ta sauraron sensar oksijin, maf kawai take bi, don haka cakuɗin zai iya tsinkewa injin ya riƙa zafi fiye da ƙima. A nan gyaran maf ba ado ba ne, kammala aikin da ka fara ne. Na biyu, babur ɗin da aka ɗaure saboda dokar wata ƙasa, kamar na A2, sake shi yana dawo da ƙarfin da injin dama an gina shi da shi. Suna kuma cewa ko ba don gudu ba, laushin totur da raguwar zafi kaɗai sun isa dalili.

Masu adawa kuma suna cewa kamfani ya gwada maf ɗinsa a sanyi da zafi da tudu da kwari kafin ya saki, wanda babu wani mai laftof da zai iya yin haka. Birenbos ɗin da ba a taɓa ba za ta ɗauke ka daga Legas da ke bakin teku ta kai ka Jos mai tsayin wajen mita 1,200 tana gyara kanta a hanya. Suna ƙarawa da garanti, domin kamfani ko dila ba zai ɗauki asarar injin da aka canza wa maf ba, da kuma hayaƙi, domin indomin da aka cire gubar da take tarewa a hancin mai bin ka a baya take ƙarewa, kuma a gosulo wanda ya fi shaƙa shi ne ɗan okada da mai talla.

Duka biyun gaskiya suke faɗa, sai dai ba a kan babur ɗaya suke magana ba. Ribar tana girma ne da girman inji da kuma yawan ɗaurin da aka yi masa. Injin 100cc ko doki 10 bai kai ba, in ma an ce an ƙara masa kashi 5 cikin 100, rabin doki bai cika ba, buhun shinkafa ɗaya a baya ya shanye shi.

Shin yana rage shan mai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun mai neman abinci, kuma amsar a mafi yawan lokuta a'a ce. Ƙarfi daga mai yake fitowa. Tiyunin ɗin da ake yi don ƙarfi kauri yake ƙara wa cakuɗi, daga wajen 14.7 zuwa wajen 13, wato a kan iska ɗaya man da ake fesawa ya ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100 a wuraren da aka taɓa. Maf ɗin kamfani a tafiyar hankali dama can kusa yake da inda ya fi tsimi. Ana iya samun wanda zai ce shi ya ga ragi bayan tiyunin, kuma mai yiwuwa ne, idan dama babur ɗin yana da matsala kamar salansar da ba ta dace da maf ba, ko kuma laushin totur ya sa ya daina fizga. Amma duk wanda ya yi maka alƙawarin ƙarin gudu da ragin mai mai yawa a lokaci guda, tambaye shi a kan wace na'ura ya auna.

A ɓangaren masu kafireta ma akwai irin wannan. Ana ɗaure mai, a sa ƙaramin jet ko a sauke allura, kwana biyu mutum ya ga lita tana kai shi nesa ya ji daɗi. Bayan wata ɗaya ko biyu a kwance fulogi a ga bakinsa fari fat kamar alli, alhali lafiyayye ruwan ƙasa yake kamar shayi da madara, inji yana zafi, bawul ya fara ƙonewa, kuɗin da aka tara a mai ya tafi a fistin da ringi har da ciko. Shi kuma CDI ɗin da ake kira na tsere, abin da yake yi shi ne cire iyakar juyi da matso da wuta, ba ya ƙara girman inji, kuma akwai mai aiki da wutar batir akwai mai aiki da ta kwayil, in aka saka wanda bai dace ba ko dai ya ƙi tashi ko ya ƙone. Iskar taya daidai, cen da aka ja aka sa wa mai, matatar iska mai tsabta musamman lokacin hunturu da ƙura, da setin bawul a kan lokaci, waɗannan su ne suke nunawa a aljihun mai Boxer a ƙarshen mako.

Doka da mai babur

A wasu ƙasashe abin ya kai kotu. A 2016 Harley-Davidson ta amince ta biya tarar dala miliyan 12 ga gwamnatin Amurka saboda sayar da na'urorin tiyunin kusan 340,000 da suke sa babura fitar da hayaƙi fiye da ƙa'ida. A Najeriya hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, tana da ƙa'idojin hayaƙin ababen hawa tun 2011, a Legas kuma hukumar muhalli ta jihar, LASEPA, tana bin maganar ƙarar ababen hawa, kuma salansar da aka fasa ita ce abin da jami'i zai fara ji tun kafin ya ga takardunka.

Wani ruɗanin da ya kamata a warware shi ne na 200cc. Tun dokar hanya ta 2012 Legas ta hana ƙananan babura hawa manyan tituna, aka bar ƙofa ga na kai saƙo masu inji 200cc zuwa sama. Daga baya aka hana okada a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, aka sake tsaurarawa ranar 1 ga Yunin 2022 a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin, kuma baburan da aka kama an sha nuna yadda ake murƙushe su. Wannan ne ya tura matasanmu da yawa aikin dispach. To cc girman cikin silinda ne, ƙarfe ne, babu lambar da za a rubuta a kwamfuta ta mayar da 150 ya zama 200, kuma abin da ke takarda da jikin inji shi jami'i zai duba.

Ga ɗan dispach akwai ƙarin abu: sau da yawa babur ɗin ba nasa ba ne, na kamfani ne ko na maigida, ko kuma na bashi ne da yake biya mako-mako. Taɓa birenbos ko yanka waya a irin wannan ba tare da izini ba amana ce aka taɓa, kuma in inji ya lalace a kansa asarar za ta faɗa, ga balans yana jira. Shi aikin ma ba gudun ƙarshe yake buƙata ba, babur ɗin da zai tashi kullum da asuba yake buƙata.

In za ka yi, ko za ka sayi wanda aka yi wa

Mai pawa baik ɗin da ya yanke shawarar yi, ya fara tabbatar da injin lafiya yake, domin tiyunin ba ya gyara injekta da ta toshe ko famfon mai da ya gaji, rufe alamar kawai yake yi. Ya tambayi mai aikin ko zai kwafi fayil ɗin asali kafin ya taɓa komai, kuma ya karɓi kwafin ya ajiye a wayarsa da imel ɗinsa, kar ya bar shi a laftof ɗin wani. Ya tabbatar an jona caja a batir kuma laftof ɗin tana da cajinta. Ya gaya masa a fili cewa man gidan mai na yau da kullum zai riƙa sha, don haka a gyara mai da totur da fanka amma a bar lokacin wuta kusa da na kamfani. Salansar asali da indominta kuma a adana su a gida, ranar sayarwa za a neme su.

Mai sayen tokumbo kuma, ɗaga sit kafin ka biya. Duba ko akwai wani akwati da aka ɗaure da roba a gefen batir, bi wayoyin injekta ka ga ko an yanka an naɗe da salatif, leƙa jikin salansa ka ga ko sensar oksijin tana nan ko an toshe ramin da noti. In an yi filashin ido ba zai gani ba, sai ka tambayi mai sayarwa kai tsaye, "Alhaji, an taɓa birenbos ɗin nan?", sannan ka hau shi bayan ya yi zafi sosai, ka sa babbar giya a ƙaramin gudu ka ja totur, ka kasa kunne ko za ka ji tsakuwar nan a gwangwani.